Rasuwar Kaskon Suyar Alhaji Illo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwoyi biyu masu kumburi, Alhaji Illo mai shagon atamfa a kasuwar Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya yana sanar da 'yan uwa da abokan ci rasuwar kaskonsa na suya, wanda ya cika ranar Talata da hantsi, a shekarar 2006.

Marigayin ɗan Damagaram ne. Shi da Alhaji suka hawo bayan babbar mota a 1993, suka wuce dowan, wato kwastan, ba wanda ya tambaye shi takarda. A lokacin Alhaji siriri ne kamar sanda. Shekara goma sha uku marigayin yana hidima, bai taɓa mayar da tozon raƙumi ba, bai taɓa raina kitsen rago ba. Maganarsa ɗaya ce, "cuuu", kuma duk wanda ya ji ta a unguwa sai ya tuna yana da gaisuwa a gidan.

Ciwon ajali ta gwiwar Alhaji ya shigo. Bara ya fara sallah a kan kujera, bana ko tabarma ya hanga sai ya yi nishi. Likita ta auna shi, ta ce kitsen tumbi ba ajiya ba ne kawai, yana sakin wasu sinadarai cikin jini, kamar saƙo, suna hura kumburi a gaɓoɓi. Alhaji ya ce shi dai tun da yake tare da tumbinsa bai taɓa jin ya yi magana ba. Likita ta ce in bai bar suya ba, sujada da goshi a ƙasa sai dai ya ba da labari. Abin takaici, Hajiya Gwamma, matarsa, tana zaune a wurin, kuma ta fi shi jin Larabci.

Sau biyu Alhaji yana ɓoye marigayin a ƙarƙashin dilar atamfa. Ƙanshi ya tona su. Ran Talata Hajiya ta ari guduma da ƙusa wajen magina, ta yi masa huji tara. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce "ƙwal".

Ya rasu ya bar matsami ɗaya, da murhun gas, da mahauta uku da yanzu ba sa amsa sallamar Hajiya. Ya kuma bar babban ɗansa, tumbin Alhaji, wanda yake nan da ransa yana ci gaba da aika saƙonni.

Za a kai gawa ranar Juma'a lambun wani Malam Idrisa a garin Abalessa, a cika ta da ƙasa a shuka na'ana'a. Zaman makoki kwana uku ne a ƙofar shago. Hajiya za ta raba dafaffen kabewa da karas, ba ɗigon mai. Wanda ya ga hawaye a idon Alhaji lokacin rabo, na gaske ne.