Ranar da Na Gyara Bindigar Baffa

Komai tsufan da zan yi, ba zan manta da daminar da na zama maharbi na yini ɗaya ba. Lokacin ina sabon malamin firamare a Zoza, ga keke, ga wando mai karin guga, ga kuma jin cewa babu abin da ya gagari ɗan boko.

Akwai wata yarinya a bayan makaranta, Hansai. Idan ta yi dariya sai ta ja mayafi ta rufe baki, idanunta su ci gaba da yi. Na so ta. Manya sun kai magana wurin mahaifinta, Malam Buba, mutum mai shanu da ƙarancin magana. Ya ce a ba shi lokaci, yana nazarina.

To, shirwa ta addabi gidan Malam Buba, kullum sai ta sure ɗan tsako. Ina jin haka na ce, “Baba, a bar ni da ita.” (Ni da ko da danƙo ban taɓa kayar da kurciya ba.)

Ranar Juma'a na shiga mota zuwa Karaye wurin Baffana, ƙanin mahaifina. Yana da bindigar iska, irin wadda ake karyawa a tsakiya a cusa ɗan harsashin dalma a mayar. Ba ya ba kowa aronta, amma da ya ji dalili sai ya yi murmushi ya miƙo mini, da harsashi biyar.

Ya ce, “Bakin da harsashi ke shiga ya yi kaushi, yana cizon dalmar, shi ya sa take kaucewa hagu. Ka riƙa saita dama kaɗan. Gyaranta sai da natsuwa, samfefa mai laushi a naɗe a tsinke, ɗigon mai, juyi biyu a gwada. Ni zan yi da kaina, kada ka taɓa.”

Na ce to. Amma a hanya zuciya ta fara raya mini: yaya zan tsaya gaban surukina ina saita dama kamar mai harara-garke? Ina sauka a Rogo a hanyar komawa na ari magagari wurin mai gyaran keke. Abin da Baffa zai yi a mako, na gama shi kafin shayina ya huce. Bakin ya yi sumul, ya yi faɗi, harsashi na shiga ba gardama. Ban gwada ba, don kada in yi asarar ko ɗaya.

Washegari da hantsi na isa. Muka gaisa, ya gida, ya shanu, ya ruwa. Maƙwabta suka taru, na kuma hango mayafin Hansai ta tsakanin zana. Can sai ga shirwa tana shawagi. Na karya bindiga, na cusa harsashi, na mayar da ƙarfi yadda kowa zai ji, na ɗaga sama na harba. Bindiga ta yi wani huci kamar tsohuwa ta sauke tulu. Na sake. Na kuma sakewa. A na ukun shirwa ta sauko cikin natsuwa, ta ɗauki ɗan tsako kusa da ƙafar kekena, ta yi gaba.

Ba wanda ya yi dariya, wannan ya fi ciwo. Malam Buba ya sunkuya ya tsinci wani abu a gabana, ya buɗe tafin hannunsa.

“Malam, ga harsasanka, uku. Babu wanda ya bar gida.”

Ashe ramin ya yi musu yawa, duk mayarwar da na yi sai su zubo ƙasa. Ya karɓi bindigar ya leƙa bakin, ya daɗe. Ya san ta, sun yi farauta da Baffa shekaru.

“Shi ya ce ka gyara?”

“A'a, Baba.”

“Ya hana ka?”

Na sunkuyar da kai. Ya miƙo mini ita da hannu biyu, ya ce in gaida gida.

Bayan mako biyu saƙon Malam Buba ya iso: wanda aka ba aron ƙarfe ya kasa haƙuri da ɗan aibinsa, ba a ba shi amanar mutum. Baffa bai yi mini faɗa ba, ya rataye bindigar kawai, ba ta ƙara harbi ba. Da kaka aka kai Hansai gidan miji a Jajaye. Sau ɗaya na ƙara ganinta, a kasuwar Rogo da goyo, ta ce, “Malam, ina wuni?” Ta wuce abinta.

Yanzu ko agogon maƙwabci na ga yana latti, sai in tambaye shi ƙarfe nawa, in yi godiya.