Kishin da Ya Ɗora Ni Kan Bishiyar Kwakwa

Ba zan taɓa mantawa da hutun da na kai matata Zanzibar ba. Na yi ƙoƙarin mantawar, Allah ya sani, amma har yau in na ga kwakwa a kanti sai na ji cinyoyina suna raɗaɗi.

A shekarar 2018 ne. Ina aiki a ofishin wani kamfanin ajiyar kayan sanyi a Dubai Investments Park, ina haya a wani ɗan filat a Al Warsan. Zulaihat ta taho daga Kano ta same ni 'yan watanni bayan bikinmu, ta tarar da rayuwar da ban yi mata cikakken bayaninta a waya ba. In fita da sassafe, in dawo bayan isha'i a gajiye, ita kuwa ta wuni daga ita sai bango da ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Yarinyar da a gidansu tun daga zaure ake jiyo dariyarta, sai ta koma "sannu da zuwa" da "ga abinci nan". Na lura, amma na ɗora laifin a kan zafin gari. Da hutuna ya zo na ce bari in kai ta bakin teku, ta sha iska, ta kuma san irin mijin da Allah ya ba ta.

Otal ɗin da aljihuna ya iya ba irin wanda ake sakawa a hotuna ba ne. Wani ɗan gida ne a ƙaramin garin masunta, ɗakunansa kaɗan, fankar sama tana kuka kamar tsohon keken ɗinki, gidan sauro da faci, tsaka tana sintiri a bango. Ruwan famfon da gishiri-gishiri, sabulu sai ka roƙe shi kafin ya yi kumfa. Amma da ka buɗe taga ga teku nan shuɗi shar, ga kwale-kwale jere a kan farin yashi. Mai otal ɗin wata dattijuwa ce, Bi Salma, kuma dokarta ita ce duk baƙi a tebur ɗaya suke karyawa, a tsakar gida, ƙarƙashin rumfar ganyen kwakwa.

A teburin nan, safiyar farko, ina cikin koya wa Zulaihat yadda ake cin wani ɗan itace mai gashi-gashi (wanda ni ma ranar na fara ganinsa), sai muka ji murya daga bayanmu.

"Salamu alaikum. Hausar Kano nake ji, ko kunnena ne ya fara yi mini ƙarya?"

Wani dogon mutum ne baƙi, da 'yar furfura a gemu. Ya ce sunansa Isufu, ɗan Damagaram, kayan gyaran mota yake sayarwa a Ras Al Khor, wato maƙwabcinmu ne ma a Dubai. Tare yake da matarsa, Hajiya Ramatu. Ka riƙe wannan da kyau: da matarsa yake, kuma duk inda ya zauna tana gefensa. Na faɗa ne don kada tausayi ya sa ka fara nema mini uzuri.

Mutumin nan Allah ya ba shi baki. Kafin shayi ya huce ya ba mu labarin zuwansa Dubai na farko, yadda ya shiga jirgin ƙasa ya zauna a taragon mata bai sani ba, ya ga kowa na kallonsa, ya ɗauka sabuwar shaddarsa ce ta burge su, har yana gyara zama. Zulaihat ta yi dariya har ta ajiye kofi, ta kama hannun Hajiya Ramatu, hawaye na zubo mata. Ni ma na yi dariya, amma ta haƙori ce kawai. Abin da ke raina shi ne, wannan dariyar tawa ce. Ni na biya kuɗin jirgi, ni na ɗauko akwatuna, ga wani daga zuwansa ya same ta kyauta a kan kofin shayi.

Kafin yamma ya zama "Yaya Isufu". Yaya Isufu ya ce gobe ruwa zai ja baya. Yaya Isufu ya san inda ake gasa kifi mai kyau. Ni kuwa ina nan a "Yallaɓai" ɗina, kamar shugaban ofis.

Sai na shiga yaƙi, yaƙin da abokin gabar bai ma san ana yi ba. Na fara da gyara masa Hausa. Ya ce ɗansa yana lakwal, na ce, "Makaranta muke cewa mu." Ya ce ya gode, ya ƙaru. Na koma ce masa Baba, don Zulaihat ta lura da furfurar (bai fi ya girme ni da 'yan shekaru ba). Ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana," teburin ya sake fashewa da dariya. Na ce to bari in kawo nawa labarin. Na ɗauko na ranar da wuta ta ɗauke a ma'ajiyarmu, na yi bayanin yadda injin sanyi yake aiki dalla-dalla don su gane inda abin dariyar yake. Da na gama, Hajiya Ramatu ta ce, "Allah sarki." Zulaihat tana kallon teku.

Rana ta uku Isufu ya fito da irin zanen da mazan garin suke ɗaurawa, kikoi suke ce masa. Zulaihat ta ce, "Anti, zanen nan ya karɓi Yaya Isufu." Ko la'asar ba a yi ba na je kasuwa na sayo nawa. Mai shagon ya so ya nuna mini yadda ake ɗaura shi, na ce ya bari, a ƙasarmu ma muna da shi. Na ɗaura shi yadda nake ɗaura tawul in zan shiga wanka.

Washegari da safe muna teburin, da mu da wasu Turawa tsofaffi mata da miji, Zulaihat ta ce ruwan kwakwa take sha'awa. Bi Salma ta ce mai kawowa bai iso ba tukuna. Isufu ya ɗaga kai ya dubi bishiyar da ke tsakar gidan, wata doguwa da ta ɗan karkata wajen teku, ya ce, "Lokacin da nake aiki a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, madam, da yanzu na tsinko miki. Gwiwa ce ta ci amanata."

Zulaihat ta ce, "Ai na yarda, Yaya Isufu."

Wannan "na yarda" ita ta tashe ni daga kujera. Ko kwakwar bai tsinko ba, da baki kawai, an yarda. Na cire takalmi na ce, "Wannan 'yar bishiyar? Bari in sauko miki da ita."

"Yallaɓai, zauna ka sha shayinka," in ji ta.

Isufu ya ce, "Ƙanena, ba a yi mata gaggawa, tana da santsi."

Da bai yi magana ba wataƙila da na zauna. Rabona da hawa bishiya tun ina firamare, ita ma gwaiba ce. Amma farkon hawan ya yaudare ni, saboda karkatar da ta yi. Na rungume ta, na dinga jan jiki kamar ƙadangare, ina jin idanunsu a bayana, ina cewa a raina yau za a san waye mijin. Na wuce tsayin rumfa. Na wuce rufin kicin. Can sai bishiyar ta miƙe sak, iskar teku ta kaɗa ta, na ji ta yi lilo da ni. A nan na yi kuskuren duban ƙasa. Teburin ya koma kamar faranti. Na ɗaga kai, kwakwar tana can sama ba ta ko san ina yi ba. Hannuwana suka ƙanƙame itacen suka ƙi ci gaba, suka ƙi komawa.

Ashe kuma hanyar wasu jajayen tururuwa na tare. Suka bi ta hannun riga, suka bi ta wuya, wasu suka gangara inda ba zan faɗa ba. Na fara mutsu-mutsu. Mutsu-mutsun nan ne ya kwance ɗaurin tawul ɗina. Na ji kikoi yana zamewa a hankali, kuma zaɓi biyu ne gare ni, in riƙe zane ko in riƙe rai. Na riƙe rai.

Zanen ya sauka cikin natsuwa, iska na wasa da shi, ya je ya rufe farantin ƙwan tsohon Baturen nan. Ni kuma na rage a sama daga ni sai 'yar riga da gajeren wando. Wandon fari ne a asalinsa, amma na taɓa haɗa shi da jan mayafin Zulaihat a injin wanki, ya fito ruwan hoda, irin na kayan jarirai mata. Ban yar da shi ba, don a tunanina wa zai gani?

Garin ne ya gani. Bi Salma ta faɗi wata magana da Swahili, matan kicin suka fito da ludaya a hannu. Masuntan da ke gyaran raga a bakin ruwa suka taso suka jeru a jikin shinge. Tsohuwar Baturiyar ta sa tabarau. Ba wanda ya yi ihu, wannan ne ma ya fi ciwo. Shiru aka yi irin na mutanen da suke danne dariya don ladabi.

Muryar Isufu ce ta fara zuwa mini. "Ƙanena, kada ka sake duban ƙasa. Dubi teku. Shwayya shwayya, a hankali, ga ni nan zuwa."

Shi da masunta biyu suka ɗauko wani dogon tsani na gyaran rufi, suka jingina. Na zaci ɗaya daga cikin masuntan zai hawo. Ina, shi ya hawo, da gwiwar tasa, yana ɗan nishi a kowane mataki, zanena a kafaɗarsa. Da ya iso daidai ƙafata bai ce in sauko ba. Sai ya zagaya zanen a ƙuguna, ya ɗaure shi tamau, ya ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Bon, a rufa asiri tukuna, akwai mata a ƙasa. Yanzu ba ni ƙafar dama."

Haka mutumin da na kwana uku ina yi wa fatan shaƙewa da ƙayar kifi ya dinga ɗora ƙafata a kan tsani, ɗaya bayan ɗaya, har ƙasa. Da ma dariya ya yi mini, da na samu abin riƙewa.

Ban dubi kowa ba na wuce ɗaki. Zulaihat ta biyo ni, ta rufe ƙofa. Fuskarta ba alamar wasa. Ta buɗe kwalbar wani mai da ta karɓo daga wajen Bi Salma ta shiga shafa mini a ƙirji da cinya, inda itacen ya kwashe fata.

"Me ya kai ka?" ta ce.

"Ke kika ce kina son kwakwa."

"Yallaɓai."

Fanka na ta kukanta. Can na ce, ina kallon gidan sauro, "Komai Yaya Isufu, komai Yaya Isufu. Tun da kika zo Dubai ban taɓa jin kin yi mini dariya irin wadda kike yi masa ba."

Ta ajiye kwalbar man. "Yaushe ka zauna da zan yi maka? In ka dawo ka ci abinci, ka danna waya, ka yi barci. Mutanen nan su ne na farko da suka zaunar da ni suka yi hira da ni da Hausa tun da na bar gida. Anti Ramatu jiya har tambayata ta yi ko ina kewar Umma. Kai ka taɓa tambayata?"

Ban taɓa ba. Tururuwar ba su cije ni kamar wannan tambayar ba. Na ce ta yi haƙuri, kuma da gaske nake. Ta ɗauki man ta ci gaba da shafawa. Mun ɗan jima a haka, sai na ji hannunta ya tsaya, kafaɗunta sun fara girgiza.

"Amma don Allah," ta ce, "wandon nan, ba na ce ka yar da shi ba?"

Ta kife a kan katifa tana dariya har da buga filo. Na so in ɓata rai, na kasa.

Na yi niyyar in ƙarasa hutun a cikin ɗaki, amma da azahar Hajiya Ramatu ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce, "A gaya wa Mai Kwakwa abinci ya sauka." Na fito ina tafiya ƙafa a warware. Bi Salma da kanta ta ajiye mini kwakwa a gabana, an fasa bakinta an sa tsinken sha. Isufu ya matsa mini kujera, ya ɗauko wani labarin daban, gwiwarsa naɗe da tsumma mai ɗumi.

Sunan kuwa ya biyo ni har Dubai. Kusan kowace Juma'a muna gidansu ko suna namu, Hajiya Ramatu ta haɗa Zulaihat da matan Hausawan da ban ma san suna unguwarmu ba. In na je shagonsa a Ras Al Khor, ma'aikatansa 'yan Pakistan da ba su jin Hausa ko kaɗan sukan ce, "Yalla, Mai Kwakwa ya zo." Sun ɗauka sunan yankana ne. Ban gyara musu ba.

Darasin da na ɗauka bai da yawa. In kishi ya taso maka, ka yi shi a zaune, ka buɗe baki ka tambayi matarka abin da ke damunta, ya fi sauƙi kuma ba ya buƙatar tsani. In kuwa ka ga lallai sai ka hau, to don girman Allah ka sa dogon wando.