Awon Jinin Mai Gadi

Mainasara, mai gadin wata ƴar masana'antar alawar riɗi a Hillat Kuku, shi ke zuba mai a wake idan ma'aikata sun zauna karin hantsi a kwano ɗaya. Ba ya ɗaga kwalbar sai ya kai ƙarshen salati, kuma shi mai jan salati ne.

Bana mudir, wato shugaban masana'antar, ya ɗora wa Mawahib, jikar Mainasara, kula da lafiyar ma'aikata: rage mai da gishiri, miƙe jiki da safe, awon jini ga kowa. Kowa ya auna, ban da kakanta. Ya ga yadda aka sallami wani mai gadi a Soba bayan irin wannan awo.

Ta same shi a bakin ƙofa, abin awon a jakarta.

"Lafiya lau, amarya. An zo biko ne?"

"Wa zai yi bikon tsohon da haƙoransa suka riga shi ritaya? Miƙo hannu."

"Hannun nan ya tsinki auduga a Jazira tun babanki yana yawo ba wando. Ba a ɗaure shi da tsumma."

"Jiya ana miƙe jiki, ka sunkuya, sai da mutum biyu suka ɗago ka."

"Sujuda na yi. Arna ne kawai ba su gane ba."

"Da fuskarka a yamma?"

Ya gyara rawani. "Ke tun da kika zo, wake ya zama abincin asibiti. Abokin aikinmu Sharafaddeen ya ce don rama matarsa ta ɗauka azumi yake."

"Kwano ɗaya kuke ci. Ba ni da yadda zan rage wa mutum ɗaya, shi ya sa na rage wa duka."

Bai tambayi wane mutum ɗaya ba. Ya dubi titi.

"Ni na sake ki, saki uku."

"Saki na makon jiya ma ban gama idda ba. Hannu."

"In kin auna, wa za ki kai wa labari? Mudir?"

"Abin da ke tsakanin miji da mata, ina ruwan mudir? In ya hau, magani ne da rage gishiri. Kujerarka ba mai so, duk ta lotse."

"Gadona kike hari."

"Tocila da buta? Na yafe."

Wata motar riɗi ta tsaya tana ham. Ya tashi ya ja ɓangare ɗaya na ƙofar, sai ya tsaya yana maida numfashi. Mawahib ta buɗe jaka kawai.

Ya yi dariya a hankali, ya dawo ya zauna, ya naɗe hannun jallabiya.

"Kalas, shi ke nan. Auna. Amma in ya hau, ganinki ne ya tayar da shi."

"Yi shiru, ango, ba a magana."

Direba ya ci gaba da ham, ƙofa rabi a buɗe.