Ciyaman da Ƙwallon Guguwa

Ko zan manta ranar ɗaurin aurena (Allah ya sa matata ba za ta karanta wannan ba), ba zan taɓa mantawa da yammacin da na zubar da mutuncina da hannuna a filin ƙwallon Luggere ba, sanye da babbar riga, riƙe da makirfo, a gaban kusan duk wanda ya san ni a Jimeta.

Bari in faro daga tushe. A unguwarmu muna da kulob mai suna Zakarun Luggere, masu rawayar riga. Ba wani babban kulob ba ne, gasar unguwanni kawai suke bugawa, amma mu a wurinmu duniya ba ta da kamarsu. Mai kulob ɗin wani ɗan kwangila ne, Alhaji Buba, shi ke sayen riguna da ƙwallo, shi ke raba lemo bayan wasa. Ni kuwa aikina ihu. Da rana ni ƙaramin akawu ne a wata ma'aikata, inda ko masinja sai ya ga dama yake amsa gaisuwata, amma da na shiga fili kowa ya san na iso. Ina da wata al'ada da ta bi jikina: da zarar mun ci, sai in cilla hulata sama, in zuba da gudu ina kiran sunan wanda ya ci, ina sa wa iyayensa albarka. Hulunan da na rasa ta wannan hanya sun isa buɗe shago.

Ana nan sai Alhaji Buba ya gina sabon gida a Bako, can cikin Yola, ya kuma fara hangen kujerar kansila a can. Wata safiya muka wayi gari da labarin cewa kulob ya tashi. Ya kwashe 'yan wasa, ya kwashe riguna, har ƙarafan raga ya sa aka tuge aka loda a mota, suna kuma ya koma Zakarun Bako. (Ga wanda bai san garin ba: daga Luggere zuwa Bako tafiyar keke napep ce, kafin ka gama cin gyaɗar da ka saya ka isa. Amma yadda muka ɗauki abin, sai ka ce an kai mana kulob Chadi.)

Da yamma muka taru a majalisarmu, wato bencin mai shayi Hamma Umaru, ƙarƙashin dogon yaro. Wannan benci ba ƙaramin abu ba ne a rayuwata. Tun ina gwauro nake zama a kansa. A nan ake jin wanda aka yi wa haihuwa da wanda aka yi wa rasuwa, a nan ake tsara zuwa biki, a nan ake gyara Najeriya kullum bayan la'asar. Ranar na miƙe tsaye na yi jawabi har da kumfar baki. Na ce an ci amanarmu, na ce Alhaji zai iya ɗauke ƙarfe amma ba zai ɗauke zuciyar Luggere ba. Aka yi ta tafi. Kafin shayina ya huce an kafa sabon kulob, Zakarun Luggere Na Asali, an kuma naɗa ni ciyaman. Ni da ban taɓa shugabantar ko layin sallah ba.

Mulki ya hau mini kai nan take. Babu wanda ya tambaye ni doka, amma na kawo ta: duk wanda ya ƙara zuwa kallon 'yan Bako, ko ya tafa musu, ko ya yabi ɗan wasansu, an kore shi. Ba shi ba filinmu, ba shi ba wannan benci.

Hamma Umaru ya dakata da juya shayi ya ce, "Ciyaman, useni, don Allah a sassauta. Wannan doka ya yi zafi. Mutane shekara da shekaru suna son abu, rana ɗaya ba zai fita ba."

Na ce, "Hamma, mai raunin zuciya ya bi su Bako tun yanzu. Nan wurin maza ne."

Wanda dokar ta fara ci shi ne Malam Ishaya, aminina. Malamin firamare ne, mutumin wajen Ganye, mun yi zaman gwauranci ɗaki na kallon ɗaki. Naman sallata yana shiga gidansa, shinkafar Kirsimetinsa tana shiga nawa. Wani ya kawo rahoto cewa an gan shi a Bako ranar da suke wasa, tsaye a bakin fili. Na sa aka kira shi, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya kamar alƙali.

Ya ce, "Oga Ciyaman, ƙanwar matata na je dubawa. Da na fito na ji ihu, na ɗan leƙa. Ko tafi ban yi ba."

"Ka leƙa ko ba ka leƙa ba?"

"Na leƙa. Amma haba, ni da kai?"

Na ce doka ba ta san abota ba. Wallahi haka na faɗa, har ina ɗaga yatsa. Ya ajiye kofinsa da sauran shayi a ciki, ya kalle ni, ya tafi. Raina ya ɗan sosu, amma daɗin yadda kowa ya yi tsit yana kallona ya fi ƙarfin sosuwar.

Sabon kulob ɗinmu kuwa, sai dai a ce Allah ya rufa asiri. Koren riguna muka samo a gwanjo, lamba bakwai har guda uku. Golanmu wani mai aski ne mai tumbi, wanda idan ya faɗi kama ƙwallo sai an ba shi hannu ya tashi. Raga kuma da gora muka kafa ta. Duk da haka kullum ina shaida wa jama'a cewa mu ne na asali, waɗancan kwafi ne.

Sai gasar unguwanni ta zo, aka jefa ƙuri'a, ta haɗa mu da Zakarun Bako, a filinmu na Luggere. Na ce Allah ne ya kawo ranar sakayya. Na ɗinka babbar riga koriya. Na sa aka yi hayar rumfa da kujeru da lasifika, na gayyato Jauro, wato mai unguwarmu, ya zauna kusa da ni. Makirfo kuma na ce babu mai riƙe shi sai ni, don ni zan yi sharhin wasa. Na kuma sa matasa biyu a ƙofar fili da umarnin kada su bar korarre ya shigo (korarre ɗaya ne tal a duniya, kuma kowa ya san shi).

Ranar fili ya cika maƙil, ga zafin Yola kamar a kasko. Mutanen Bako suka zo mota-mota, Alhaji Buba a gaba yana ɗaga hannu irin na masu neman ƙuri'a. Da 'yan wasansu suka fito cikin rawayar rigar nan, na ji wani abu ya motsa a ƙirjina, na ce yunwa ce. Na kama makirfo na fara zuba musu baƙar magana. "Ga 'yan gudun hijira sun iso! Ga 'yan haya!" Mutanenmu suna ta shewa, Jauro yana murmushi, ni kuwa kaina yana ƙara girma.

Abin mamaki, har aka tafi hutun rabin lokaci babu ci. Mai askinmu ya zama wani abu daban, ƙwallo tana dukan tumbinsa tana komawa. Aka dawo, aka ci gaba, har wasa ya kusa tashi. Na fara shirya jawabin da zan yi a kan yadda muka riƙe su.

A nan ne ƙwallo ta je wurin Guguwa. Shi ne lamba taran Bako, yaron unguwarmu ne, tun yana buga ƙwallon tsumma ba takalmi nake kallonsa. Ya tare ta da ƙirji a gefen hagu, ya yanke mutum ɗaya, ya yanke na biyu, ya karkata kafaɗa yadda ya saba. Na san wannan karkatawar. Na gan ta sau ba adadi, kuma duk lokacin da na gan ta abu ɗaya ke biyo baya. Ya narka ta can saman kusurwa, mai aski ko motsi bai yi ba.

Ni dai ban san lokacin da na miƙe ba. Abin da aka ba ni labari, kuma shaidu sun yi yawa ba zan musa ba, shi ne na kwarara ihu a cikin makirfo har lasifika ta yi ƙara: "Ta shigaaa! Guguwa ɗan albarka! Allah ya yi wa uwarka albarka!" Na cilla hula sama, na yar da makirfo a cinyar Jauro, na tattare babbar riga na zuba cikin fili da gudu. Na rungume yaron nan, na ɗaga shi sama, ina tsalle.

Shi ne ya dawo da ni hayyacina. Ya sunkuyo daidai kunnena ya ce, "Baba Ciyaman, lafiya kuwa?"

Na duba dama, rawaya. Na duba hagu, rawaya. Na waiwaya wajen rumfarmu, sai na ga koren riguna tsaye cak kamar an dasa su, baki buɗe. Hamma Umaru ya ɗora hannu biyu a ka. Jauro yana riƙe da makirfo da yatsa biyu kamar an miƙa masa mataccen ɓera. Na so ƙasa ta tsage in shige. Da ba ta tsage ba, sai na yi abin da ya fi na farko muni: na juya wajen alƙalin wasa na ce, "Ofsaid ne! Ban yarda ba!" Alhali har lokacin hannuna ɗaya yana wuyan Guguwa.

Mutanen Bako ba su bar ni na ƙarasa ba. Suka ɗauke ni caɗak a kafaɗa, suka zagaya fili da ni suna waƙar ciyaman ya dawo gida. Ina ta wutsil-wutsil ina cewa a sauke ni, su kuwa suna ɗauka rawa nake. Da suka dire ni, a gaban Alhaji Buba suka dire ni. Ya riga ya tsinci hulata, ya kakkaɓe ta, ya ɗora mini a ka da hannunsa, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ciyaman, dama mun san zuciyarka yana wurinmu."

Ban san ta inda na bi na isa gida ba. Labari ya riga ni. Matata ta ajiye mini abinci ta ce, "Sannu da gudu. An ce ko Guguwa bai kai ka sauri ba."

Washegari na daure na nufi majalisa, ina fatan a ɗauki abin da wasa. Na tarar an cika, babu mai dariya. Na fara bayanin cewa zafin rana ne, ga hawan jini, ga kuma sharrin shaiɗan. Hamma Umaru ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Ciyaman, ni na roƙe ka a sassauta, ka ƙi. Malam Ishaya leƙawa kawai ya yi ka kore shi. Kai ka yabi ɗan wasa, ka yabi uwar ɗan wasa, a lasifika, da kuɗin hayarmu. Yanzu kai ka faɗa mana hukunci."

Na kalli gurbina a kan benci, wurin da katakon ya yi santsi saboda zamana, na ga wani ya riga ya matsa ya cike shi. A nan ne abin ya daina ba ni kunya ya koma ba ni baƙin ciki. Na juya na tafi, babu wanda ya ce in dawo.

Sai da na yi kwanaki ina zaman gida kamar mai jego, sannan na ɗauki ƙafa na je wurin Malam Ishaya. Na same shi a ƙofar gida yana duba littattafan yara. Na shirya dogon ban haƙuri tun daga hanya, amma da ya ɗago ya gan ni sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya jawo mini kujera, ya sa aka kawo ruwa, ya share hawaye.

Na ce, "Malam, na zalunce ka. Ka yafe mini."

Ya ce, "Oga Ciyaman, ai ni godiya zan yi maka. Ranar ina wurin. Yaranka sun hana ni shiga, sai na tsaya bayan katanga a kan bulo. Da Guguwa ya buga ƙwallon nan, wallahi tsallen da na yi ya fi naka, har na faɗo na ɓare gwiwa." Ya ja wando ya nuna mini. "Amma da yake ka riga ka kore ni, babu wanda ya gani."

Tun daga ranar ban ƙara karɓar shugabancin komai ba, ko na kwamitin walima. Idan kuma na ji bakina yana ƙaiƙayin kafa wa mutane doka, sai in fara tambayar kaina ko ƙafafuna sun ji, sun kuma amince. Ƙwallo dai har yanzu muna kallo, ni da Malam Ishaya, daga bayan katanga, kowa da bulonsa.