Kar Ki Tashi Daga Kujerarki, Nonna

"Lafiya lau, maigidana. Kai fa? Wa ya tsoma maka fuska a buhun fulawa?"

Nonna Nunziata ke nan, tsaye a ƙofar baya ta ƙaramin gidan wasan kwaikwayonmu na Catania a Italiya, riƙe da lema, tana ƙare wa jikanta Saverio kallo. Ni ce mai ɗinka kayan 'yan wasa. Ina durƙushe ina kama masa ƙafar wando. Yau ne aka fara ba shi babban matsayi, darakta kuma ya rantse in an samu tangarɗa gobe wani zai hau. Abin da yaron ke tsoro kuwa ga shi nan a bakin ƙofa.

"Hoda ce, tsohuwa. Ba jibi na ce miki ba?"

"Matarka za ka yi wa ƙarya? Hotonka har bangon kasuwar kifi. Kyanwoyi ma sun ƙaura."

"Warinki suka jiyo. Nonna, saurare ni don Allah. A tsakiyar wasa wani zai miƙe daga cikin 'yan kallo ya zage ni, ya ce ni maƙaryaci ne, wai ba ni ba ne ni."

"Ɗan gidan uban wa?"

"Rosario ne, ɗan mai burodi. Cikin wasan yake."

"In cikin wasan yake, me ya hana shi hawa dandamali?"

"Haka aka tsara. So ake mutane su kasa gane ina gaskiya ina wasa."

"Don su ruɗe suka yanki tikiti? Su zo gida mana su ji ka kana bayanin inda ka yini, kyauta."

Allura ta soke ni. Wallahi duk unguwa an san hannun matar nan.

"Bara a wasan coci kin fasa wa mutum tabarau da lemar nan," in ji Saverio.

"Ya ci amana a gaban jama'a!"

"Mai askin unguwa ne aka liƙa wa gemu, ya fito a maci amana cikin wasan!"

"Ai askin nasa ma cin amana ne. Dubi ƙeyarka."

"In kika miƙe yau, na sake ki."

"Wace mace za ta kwashe ka? Mijin da taliya ta fi shi ƙiba?"

"Ki rantse ba za ki tashi ba, ko me kika ji."

"A zagi mijina ina zaune kamar tukunya?"

"Kamar tukunya mai murfi." Ya yi ƙasa da murya. "Kuma a ƙarshe zan durƙusa in yi kuka ina kiran uwata. Nan ma kar ki tashi."

Tsohuwar ta sauke lemarta. Mahaifiyar Saverio, 'yarta ɗaya tilo, ta rasu a sanyin da ya wuce, kuma ko a maƙabarta yaron bai zubar da hawaye ba. Tausayinsu ya kama ni har na kasa ɗago kai.

"Shi ma kukan na ƙarya ne?"

"Darakta ya ɗauka na ƙarya ne. Kullum wurin gwaji yabona yake."

Ta matso kusa da shi. Sannan ta zaro hankici daga hannun rigarta ta cusa masa a aljihu.

"Ungo, kar ka ɓata wa baiwar Allah nan ɗinkinta da majina. Zan zauna. Rosario ya yi ta haushinsa. Amma in ka daɗe a durƙushe, ni zan hau in ɗaga ka, ko darakta zai mutu."

Saverio ya yi dariya, hoda na jiƙewa a ƙasan idonsa.

"Kin ci, amarya. Ba zan daɗe ba."