Ranar da Mamacina Ya Zo Biyan Bashi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shige ƙarƙashin tebur a gaban sufeton banki ba, da kwat ɗina da komai. Shekaru kaɗan ke nan bayan samun mulkin kai. Bankinmu na Damagaram ya turo ni Tanut lokacin cinikin gyaɗa, aka ba ni ɗaki ɗaya mai taga ɗaya, in riƙa kula da ƴan kasuwar da muka bai wa rance. Mutanen gari na ce mini Mushe, wato "maigida" da Faransanci, ni kuwa kaina ya yi girma har hula ba ta zama.

Cikin masu bashin akwai wani dattijo, Malam Habu na Gangara, dogo, siriri, mai tabo a goshi. Ya karɓi kuɗin sayen gyaɗa, ya sa raƙumansa jingina. Wata rana direban kamyo, babbar motar ɗaukar kaya, ya ce mini, "Ka ji Habu na Gangara ya rasu?" Na yi salati. Dokar banki ta ce ba a rubuta mutum cikin mamata sai an samu takardar maigari da shaidu biyu. To amma Gangara da nisa, ga rana. Na ɗauki jan alƙalami na rubuta "ya rasu" a takardunsa, na aika Damagaram don a rufe bashinsa. (Har addu'a na yi masa, kada ku ce ba ni da imani.)

Bayan mako uku, ranar kasuwa, tsakar rana, na ɗaga kai na hango mutum tsaye ƙarƙashin aduwar da ke fuskantar tagata. Farar riga, farin rawani, tabo a goshi. Ba ya motsi. Ni kawai yake kallo. Na sunkuya na murza ido, na sake ɗagowa, babu kowa sai inuwar itace.

Kasuwa ta zagayo, ya dawo. Wannan karon ya matso har bakin rijiya. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya rufe, ya juya. Ta uku kuwa, ina cikin rubutu sai haske ya ragu a kan takarda. Inuwar rawani ce. Na ji numfashi a taga. Ban ɗaga kai ba har inuwar ta janye.

Wa zan faɗa wa? Ɗan lakwal guda, mai ilimin boko, ya ce ya ga fatalwa da rana tsaka? Sai na lallaɓa wurin wani malami, na sha rubutu har cikina ya ɗuri ruwa. Tuwo ya daina shiga. Na toshe tagar da buhun gyaɗa.

Ana haka sufeto ya iso daga Yamai, binciken rancen da ake tsoron ba zai dawo ba. Mutum ne marar dariya. Ya zauna a kujerata, ina tsaye, yana juya takardu har ya zo kan jan rubutuna.

"Ina takardar maigari?"

"Tana hanya, ranka ya daɗe."

"Ka tabbata ya rasu?"

"Kamar yadda nake ganin ka."

Ban rufe baki ba ƙofa ta yi ƙara. Wata murya a dishe ta ce, "Salamu alaikum." Ga shi nan, fari fat, ya miƙo hannu da wani ƙulli, yana takowa wurina sannu a hankali.

Ban san sa'ad da na isa ƙarƙashin teburin ba. Na rungume ƙafar sufeto, ina kuwwa: "Na yafe maka! Banki ma ya yafe! Koma makwancinka!"

Can sai fuskar mamacin ta leƙo ƙasa.

"Ɗana, lafiya? Ko kunama ce?"

Sufeto ya zare ƙafarsa, ya tambayi dattijon ko wane ne. Ya ce shi ne Habu na Gangara. Wanda ya rasu Habu maƙeri ne, maƙwabcinsa. Shi kuwa kuɗinsa ne ba su cika ba, sau uku yana zuwa roƙon a ƙara masa kwanaki, kunya na mai da shi. "Da na ga ko takardar tuni ba ku aiko ba, kuma yaron nan ya toshe taga, sai na ce jandarma ake shirya mini. Barci ya gagare ni. Na sayar da taguwa ɗaya cikin raƙumana, ga kuɗinku."

Sufeto ya dube ni, ina fitowa da rarrafe, yanar gizo a kaina. Ya ce rufe bashin mai rai ba tare da shaida ba, a wurinsu sunansa sata, kuma ana ɗaure mutum a kansa. Malam Habu ne ya cece ni. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ɓarawo ba ya tsoron abin da ya sata haka. Wannan wauta ce kawai." Ban taɓa jin daɗin zagi kamar ranar ba.

Aka yanke mini albashin wata guda, aka kuma sa ni tafiya Gangara a kan jaki in karɓo takardar maigari mai shaida cewa Malam Habu yana da rai, alhali yana tafe a gabana bisa raƙumi, yana ba duk wanda muka gamu da shi labari. Kafin mu isa, sunana ya koma Alƙalamin Ajali. Tsofaffi suna gani na suna cewa, "Mushe, don Allah kada ka rubuta ni, ban aurar da autata ba."

Na yi shekara talatin a banki bayan haka. Ko gawa aka shimfiɗe a gabana, sai na ce a kawo shaidu biyu.