Ƙusoshin Kafinta

Rabin awa Dogo bakanike ya yi yana zagaya tsakar gidan kakarsa da sabon injin gano ƙarfe, injin na tsuwwa duk inda ya taka, kafin ya gane takalmin aikinsa mai bakin ƙarfe yake bi. Ya tuɓe shi a sace. Ashe tsohuwar na zaune bisa ƙullin kayanta tana kallo.

"Sannu da aiki, angona. An gano ƙafar?"

"Yauwa, amarya. Gwaji nake yi."

"Shekara arba'in tana jikinka, sai yau inji ya nuna maka ita."

Zobenta na azurfa ake nema. Tun da mijinta kafinta ya rasu ta rame, har zoben da ya ba ta ya sulluɓe daga yatsa wata rana tana shara. Gobe mota za ta kwashe ta zuwa gidan ɗanta, waɗanda suka sayi gidan kuma siminti za su malale tsakar gidan da shi.

Injin ya yi tsuwwa. Dogo ya durƙusa ya tona. Ƙusa. Taku ɗaya, wata ƙusar. Gaba kaɗan, guda uku a lanƙwashe.

"Wai mijin nan naki ƙusa yake shukawa?"

"Aiki yake yi. Kai ba ka san aiki ba, ba a garejinku ake sayarwa ba."

"Ai da ni kika aura tun farko, da zinariya zan sa miki."

"Kai? Wanda ko lemo ya kawo min sai ya sha rabi a hanya?"

"Ɗanɗanawa nake, kada a kashe min mata."

Ta miƙo tafin hannu. "Ba ni ƙusoshin nan, kada ka zubar."

Dogo ya buɗe takardar da ta zo da injin, ya juya ta sama da ƙasa, har ya gano wani maɓalli da ke hana shi kula baƙin ƙarfe. Ya murɗa. Ya bi daga bakin rijiya har inda bencin kakansa yake a da. Tsit. Ya sake bi, a hankali, faifan injin na shafar ƙasa. Tsit.

"Me ka yi masa?"

"Na rufe masa baki. Saura ke."

"Mayar da shi yadda yake."

"Kaka, ƙusoshi kawai zai yi ta..."

"Na sani. Wata bakwai ban ji ƙarar komai a tsakar gidan nan ba. Bar shi ya yi."

Dogo ya jawo injin. Ya mayar da maɓallin. Har la'asar yana tono, tana karɓa, tana goge kowace ƙusa da gefen zane. Batir ya mutu, zobe bai fito ba.

Ya zauna kusa da ita, ya zaro filaya daga aljihu, ya zaɓi siririyar ƙusa ya naɗe ta daidai ramammen yatsan.

"To, na kasa. Ga nawa, amarya. Wannan ba zai faɗi ba."

Ta sa shi, ta juya hannun tana dubawa. Dariya ta kama ta, idon na zubar da ruwa.

"Shi azurfa ya ba ni, kai tsatsa." Ta dunƙule hannun a ƙirji. "Kuma ko ƙusar ma tasa ce, marowaci."